Daminar da Aka Kafa Shinge a Bakin Kwalta

Bana marka ta zo da wuri. Kwana da kwanaki ke nan ba mu ga idon rana ba. Itace ya jiƙe, gishiri ya narke a kwano, katangar bayan gida ta fara zubowa kaɗan-kaɗan. Jiya da safe na shiga zaure neman busasshen kara in hura wuta, sai na tarar da buhun takin zamani da maƙwabcinmu ya ba mu ajiya ya yi gumi, ruwa yana tsattsafowa ta ƙasansa. Warinsa ya bugi hancina. Na daɗe a tsaye da karan a hannu. Warin nan ne ya mayar da ni wata damina, fiye da shekara goma baya, wadda azumi ya faɗo a tsakiyarta, wadda kuma na ƙarasa ta a cikin gida ban leƙa ko ƙofa ba.

Ni 'yar Toranke ce. Aure ne ya kawo ni wani ƙauye a gefen Balan, gidan mutumin da kowa ke kira Malam Modu. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Barno da fataucin kanwa da busasshen kifi, ya sami ƙasa ya zauna. A nan aka haifi maigidana, a nan aka haifi mahaifinsa. In ban da sunan, da 'yan kalmomin Barbarci da yakan yi da mahaifiyarsa in ba sa son yara su ji, babu abin da ya bambanta shi da kowa a garin. Da rani yana kai kifi kasuwar Gaya da ta Ajingi a kan mashin, da damina ya koma ga fartanya, sai ranar kasuwa ya fita da kifin. Gonakinmu biyu ne: ƙaramar ta gero a bayan gida, da babbar ta gyaɗa da dawa a ƙetaren kwalta. Babban ɗanmu sunan kakansa Bukar ya ci, don haka Abba muke ce masa. Ya gama sakandare a lokacin, gemu ya fara fito masa, yana zaman jiran abin da Allah zai yi. Ƙannensa duk mata ne, ƙanana. Sai surukata, Iya, wadda idonta ya riga ya tafi.

A shekarar ƙasa ba lafiya. Kullum sai an ji labarin bam a birni, ko an kai wa 'yan sanda hari. Mu dai a rediyo muke ji. Sai ga shi wata safiya, bayan an gama shuka, an wayi gari da motar 'yan sanda a mahaɗar da hanyar ƙauyenmu ke hawa kwalta. Suka jera buhunan yashi da ganguna, suka shimfiɗa katako mai ƙusoshi. Ba mu san daga inda aka turo su ba, ba kuma fuskokin da aka saba gani ba ne. Dokarsu ita ce mai mashin ya kashe shi tun daga nesa, ya sauka, ya tura. Mai tafiya a ƙasa ya ɗaga riga a ga cikinsa. Ba mu da wata hanyar mota sai wannan, kuma rabin gonakin garin suna ƙetare.

Maigidana bai ga laifinsu ba. In Abba ya dawo yana mitar an sa shi tsallen kwaɗo, sai ya ce masa su ma 'ya'yan wasu ne, an ajiye su a rana, ana kuma bin su ana kashewa, dole su tsorata. Ya ce don mu suke tsaye a wurin. Sau da yawa in ya dawo kasuwa yakan ajiye musu ɗan ƙullin kifi a kan ganga.

Ruwa ya yi kyau a farkon daminar. Aka yi noman firi, aka ga wata, aka ɗauki azumi. Dawa ta fara yin ɗorawa-ɗorawa tana neman taki. Ranar kasuwar Gaya maigidana ya ci ɗumamen tuwo da sahur, ya ce zai je ya sayo buhu biyu. Suka tafi tare da Malam Isa, maƙwabcinmu, abokinsa tun suna yara, kowa da mashin ɗinsa.

Abin da ya faru daga bakin Malam Isa na ji shi, don yana bayansa a layi. Sun iso shingen bayan la'asar, hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, iska ta taso. Maigidana ya kashe mashin ya sauka yana turawa, kayan sun yi masa nauyi. Sai aka fara yayyafi. Wanda ya san taki ya san ba ya shiri da ruwa. Ya jingina mashin a cinyarsa, ya zura hannu cikin riga zai zaro ledar da ya saya don rufe buhunan. Wani yaro daga cikin 'yan sandan, daga bayan buhunan yashi, ya daka tsawa. Iska ba ta bari an ji abin da ya ce ba. Kafin hannun ya gama fitowa ya sakar masa wuta. Malam Isa ya ce ya ga ledar, baƙa, iska ta ɗauke ta ta yi cikin gona da ita. Aka sa duk wanda ke layin ya kwanta rub da ciki a cikin taɓo. Ruwa ya kece a kansu. Da aka ce su tashi, an riga an jefa maigidana a bayan mota an tafi.

Ni a lokacin ina tace gasarar kunu. Na ji ƙarar, na ɗauka tsawa ce, har na ce wa yara su kwashe shanya. Ana gab da kiran magariba Malam Isa ya yi sallama. Bai shigo ba. Ya tsaya a zaure, taɓo tun daga goshinsa har ƙafa, ya ce a turo masa Abba. Daga yadda ya kira sunan yaron na ajiye rariyar.

Washegari da rana muka ji a rediyo an ce jami'an tsaro sun harbe wani da ake zargi, ɗauke da kayan haɗa bam, ya ƙi tsayawa a shinge. Ba a faɗi suna ba, amma an faɗi hanyar. Iya ta juyo da fuskarta wajen rediyon ta tambaya wa ake nufi. Ba ta jira amsa ba. Sai ta ce a kashe, ta gane.

Gawar ma sai da dagaci da liman suka yi ta zarya kwanaki kafin a ba mu. Aka yi masa sutura a gaggauce. Mutumin da in ya yi zazzaɓi zaure ke cika, jana'izarsa ba ta fi sahu biyu ba. Ban riƙe kowa a zuciya ba. A satin an zo an ɗauki samari biyu daga wani gidan Barebari a ƙauyen gaba, aka dawo da su da kumburarrun ƙafafu, ba su iya takawa. Kowa ya shiga taitayinsa. Mata sukan zo gaisuwa ta ƙofar baya, su zauna kaɗan, su yi magana ƙasa-ƙasa, su fita. Mahaifiyata ta zo daga Toranke ta hanyar daji, ta ratso gonaki da ƙafa, zaninta jiƙe da raɓa, don yayyena sun hana ta bin kwalta.

Haka na shiga takaba. Na ajiye kwalli da turare, na ɗaura tsohon zani. Duniyata ta koma daga ɗakina zuwa madafi, daga madafi zuwa gindin rumbu. Rumbun kuwa ya yi ƙasa. Kowace shekara haka yake yi a wannan lokaci, amma a da kifin kasuwa ke toshe gurbin har sabon gero ya nuna. Yanzu babu kifi, babu mashin, babu mai hawansa. Na fara auna hatsi da ƙaramin kwano. Da asuba mu sha kunun kanwa mu ɗauki azumi. Da hantsi yara mata su fita bayan gida su tsinko tafasa da rama da lalo. Da azahar in dafa ganyen in matse, in akwai ƙuli in yi kwaɗo, in babu in barbaɗa gari in turara. Zafin damina daban yake da na bazara. Ba ya ƙona ka, danne ka yake yi. Gumi ba ya bushewa, ƙuda ba sa tashi, ɗaki yana warin danshi. Wajen la'asar harshe ya manne a ganɗa, ga ruwa yana zuba daga indararo, ba damar sha. In an kira magariba mu sha ruwan randa da tsamiya, in raba abin da ya samu. Iya takan ce ta ƙoshi bayan loma biyu, ta tura wa yara kwanon. Na san ba ta ƙoshi ba, ita ma ta san na sani.

Daga tsakar gida ana jin jiniyar 'yan sandan in za su canji aiki. Duk lokacin da ta yi kuka sai na nemi inda Abba yake.

Tun ranar sadakar uku na kafa masa doka. Ba kwalta, ba kasuwa, ba majalisar samari. Gonar bayan gida da masallaci kawai. Ya nome geron nan har ya rasa abin nomewa. Ya dawo ya zauna a ƙofar ɗakinsa yana wasa fartanyar da ba ta bukatar washi. Samarin da ke wucewa ta shingen suna kawo masa labari: mashin ɗin babansa yana nan jingine a gindin darbejiya, buhunan takin sun sha ruwa sun narke, ciyawar wurin ta ƙone.

Wata rana ya same ni a madafi.

"Inna, ciyawa ta cinye gyaɗa. In ba a yi maimai a satin nan ba, mun yi asarar gonar."

"A yi asararta."

"To me za mu ci da rani?"

"In sun tambaye ka sunanka, me za ka ce?"

Na ce masa in ya ce Bukar Modu, ni ban san inda zan je neman tasa gawar ba, kuma ba ni da ikon fita. Ya fita ya bar ni da hayaƙin ɗanyen itace.

Malam Isa ne ya ɗaga maganar a masallaci bayan sallar Juma'a. Ya ce gonar marayu tana mutuwa a kan idon kowa. Da farko kowa ya sunkuyar da kai. Sai wani tsoho ya ce shi zai je, in harbi ne a fara da shi, ya riga ya ci zamaninsa. A haka aka sa ranar gayya. Malam Isa ya zo zaure ya gaya mini ta bayan asabari, ya kuma ce dole Abba ya je, don ba a yi wa gona gayya babu ɗan gida. Na ce ban yarda ba. Ya ce, "Maman Abba, a tsakiyarmu zai tafi, a tsakiyarmu zai dawo. In an tambaya, ɗana ne." Ban ce na yarda ba. Na dai yi shiru, shi kuma ya ɗauki shirun a matsayin yarda.

Suka fita bayan sallar asuba. Gayyar da na sani tun ina yarinya da kiɗa ake yin ta, da kirari, da ƙwaryar fura ana zagayawa. Wannan babu ganga, babu ruwa, kowa da azumi a bakinsa. Na ji wucewarsu ta bayan katanga, ba mai magana, sai ƙarar fartanya in ta gogi 'yar'uwarta. Matan unguwa suka shigo, wannan da kwanon gero, wannan da ɗan wake, wannan da kuka, don a yi wa ma'aikata abin buɗa-baki. Ladi, matar Malam Isa, ta kama daka. Ni aka ba ni tsintar wake, na kasa. Sama ta yi ta gurnani tun safe. Duk rugugin da aka yi sai in tsaya in saurara ko za a sake. Na gane a ranar ba zan ƙara rarrabe tsawa da bindiga ba.

Sun dawo da azahar, leɓɓansu sun bushe sun yi fari, ƙafafu duk taɓo. Abba yana tsakiya kamar yadda aka yi alkawari. Daga baya Ladi ta ba ni labarin da mijinta ya ba ta. An sa su zube fartanyu a gefe guda, su ɗaga riguna, su wuce ɗaya bayan ɗaya, tsofaffi masu furfura da ciki a waje. An tambayi Abba suna, Malam Isa ya riga shi amsawa. Yaron ya wuce ta gaban mashin ɗin babansa bai juya ba. Amma a gona, in ji ta, shi kaɗai ya yi aikin mutum uku, har sai da aka ƙwace fartanyar daga hannunsa.

A goman ƙarshe na azumi, wata rana bayan la'asar, ƙaramar 'yata ta shigo da gudu ta ce ga mai unguwa a ƙofar gida da ɗan sanda. Abba yana kwance a ɗakinsa, azumi ya kayar da shi. Ban yi tunani ba. Na ja ƙofar langa-langar, na rataya kwaɗo ta waje, na danna. Ya farka ya fara bugu. Na wuce na zauna a bayan asabarin zaure, bugun yana bina.

Ta tsakanin asabarin na ga mutumin. Dattijo ne mai muƙamin saja, da furfura a gefen kunne, ba bindiga a hannunsa. Takalmansa sun sha taɓo, alamar da ƙafa ya zo. Hausarsa ta wani gari ce. Ya yi mini gaisuwa yadda ake yi, ya yi addu'a. Ya ce an ba da izini a zo a ɗauki mashin. Mai unguwa ya yi gyaran murya alamar su tafi, shi kuwa bai motsa ba. Ya ce ya san mamacin, yakan ajiye musu kifi. Ya ce wanda ya yi harbin sabon ɗauka ne, kafin a kawo su nan an kashe abokan aikinsa a gabansa, tun daga ranar ko faɗuwar kwano ya ji sai ya ɗaga bindiga. An riga an mayar da shi wani wuri.

Na ce, "Ka san taki ne a buhunan?"

"Na sani, Hajiya."

"Ka san leda ce a hannunsa?"

"Ni na tsinto ta."

"To ka je ka faɗa a inda aka faɗi waccan maganar. 'Ya'yansa su ji."

A cikin gida Abba yana ta dukan ƙofa da ƙafa, kowa yana ji.

"Ni ma a ƙarƙashin wasu nake," in ji shi. "Saura kaɗan in ajiye aiki. Ina da iyali."

Ya yi sallama, ban amsa ba, Allah Ya yafe mini. Sai da na tabbata sun yi nisa na buɗe kwaɗon. Abba ya fito, yatsun ƙafarsa suna jini. Ya dube ni ya wuce. Bai sake yi mini magana ba sai gaisuwar safe, har aka yi salla. Mashin ɗin kuwa, Malam Isa ne ya je ya turo shi. Ya zauna a zaure, ba wanda ya hau, daga baya aka sayar muka sayi dawa.

Sallar ta zo a cikin marka. Ba ɗinki, ba lalle. Ladi ta aiko da tuwo da miyar taushe, yara suka ci har da suɗe kwano. Gero ya fara fitar da kai, muka fara ƙirga kwanakin tumu a zuci.

Bayan salla da kamar sati biyu aka wayi gari an kwance wa Malam Isa shanun huɗarsa. Shekarar da ta gabata, da aka saci awakin wani a unguwarmu, maigidana ne da kansa ya goya mai awakin a mashin ya kai shi ofishin 'yan sanda ya shigar da ƙara. Wannan karon ga 'yan sanda a bakin hanya, tafiyar da ba ta kai a sha wahala ba, amma ko mutum ɗaya bai kawo zancen a gaya musu ba. Samari suka ɗauki sanduna suka bi sawu. Ina madafi, ban san Abba ya haura katanga ba.

Ya dawo da hantsi, hannun rigarsa da jini. Sun tarar da wani mutum a bakin fadama da igiyar shanu a hannu, ba shanun. Suka tambaye shi, amsarsa ba ta gamsar da su ba. Suka rufe shi da duka har ya daina motsi. Liman ne ya iso ya kwanta a kansa, aka ɗauke shi a amalanke. Ya rayu, amma hannunsa ɗaya bai sake aiki ba. Shanun ba a gan su ba, kuma har yau babu wanda zai dafa Alƙur'ani ya ce mutumin nan ne ɓarawon. Daga shingen ba wanda ya zo. Daga garin ba wanda ya je.

Ba jinin ne ya fi tayar mini da hankali ba. Abba ya wanke hannu, ya zauna, ya cinye kwanon dambu tas, ya nemi ƙari. Rabon da in ga ya ci abinci haka tun babansa yana da rai. Fuskarsa ta saki, har yana tsokanar ƙannensa. Na zauna ina kallonsa. Sama da wata guda ina tsare shi kada a kashe mini shi, ban lura da abin da ke tsiro a cikinsa ba.

Na aika wa yayana a Toranke. Yana da aboki mai walda a Kano, ya yarda zai karɓi yaron. Ranar tafiya na ƙulla masa gari da ƙuli a leda. Ya tsaya a ƙofar madafi da jakarsa.

"Da kin hana ni fita. Yanzu kuma korata kike yi."

"Korar ka nake yi."

"Wa zai cire gyaɗa?"

"Waɗanda suka nome ta."

Ya durƙusa, na dafa kansa. Ban iya raka shi ko zaure ba. Ya bi ta gonaki zuwa Ajingi, daga can ya hau bas. Na tsaya a tsakar gida ina jin karan gero yana kaɗawa a bayan katanga har ya yi shiru.

Gyaɗar ta yi rabin abin da ta saba, dawar da ba ta sami taki ba ta yi 'yan ƙananan kai. Mutanen gari suka cire, suka ɗaure, suka kawo har gindin rumbu. Ta kai mu tsakiyar rani. Iya ba ta ga wata daminar ba. Maganar harbin kuwa, dagaci ya je ya dawo, ya je ya dawo, kullum ana ce masa ana bincike, har shi ma ya gaji. Ba a kira Malam Isa ya faɗi abin da ya gani ba. Ba a sake cewa komai a rediyo ba.

Yanzu Abba yana da shagonsa, da mata da 'ya'ya. Yana zuwa da salla, kuma har yau ta Ajingi yake zagayowa, ko da hanyar ta fi nisa. Ƙasa ta ɗan lafa. Motar 'yan sanda takan wuce, wani lokaci har su ɗaga wa mutane hannu. Ɗan ƙanwar Ladi ma ya shiga aikin ɗan sanda, yaro mai ladabi, in ya zo yakan durƙusa ya gaishe ni, in sa masa albarka da zuciya ɗaya. Amma in aka yi sata a garin nan, ko aka yi faɗa aka fasa kai, gidan mai unguwa ake zuwa, ko a kira 'yan sintiri. Yaran da ba a haifa ba a waccan damina, su ma in sun hango baƙin kaki sai su ratse cikin gona. Ba wanda ya koya musu.

Ranar da na fita takaba an riga an kai dawa gida. Na yi wanka, na sa wankakken zani, aka yi sadaka. Aka ce in je Toranke in kwana biyu wurin mahaifiyata. Yayana ya aiko cewa zai zo ya ɗauke ni ta hanyar daji. Na ce a'a, ta kwalta zan bi. Wata huɗu da kwana goma ina shirya wannan tafiyar a raina, ina daka ina shiryawa, ina tankaɗe ina shiryawa. Ba zagi na tanada ba. So nake kawai in tsaya a gabansu in ce ni ce matarsa, su dube ni.

Ladi ta raka ni. Ƙafafuna sun manta tafiya, hasken fili ya yi mini yawa. Gonaki duk an girbe, sai kututturen kara da awaki suna kiwo. Da muka kusa mahaɗar na gyara mayafi.

Babu kowa. Babu mota, babu ganguna, babu katako. Buhunan yashin sun yayyage, yashin ya zube, ciyawa ta tsiro a kai ta bushe. Ga tokar inda suke hura wuta, ga tsofaffin ledojin ruwa sun maƙale a ƙaya. Ladi ta ce ai sun kwashe tun ana cirar gyaɗa, ta ɗauka na sani. Na tambaye ta a ina ne daidai maigidana ya faɗi. Ta duba nan, ta duba can, ta ce Malam Isa ya ce wajen darbejiyar ne, ko kuma ɗan gaba kaɗan, ba ta tabbata ba.

Na tsaya a bakin kwaltar. Wata akuya ta zo ta hau tudun yashin tana cin busasshiyar ciyawa. Can sai ga bas ta taho, ta tsaya, Ladi ta miƙa ƙullin kayana, na shiga. Muka tashi ina ta waiwaye ta taga. Direban ya dube ni ta madubi.

"Inna, mantuwa kika yi? In tsaya?"

Na ce a'a, mu je.